Neman Burbushin Halittun Da A Ƙasar Da Ba Taka Ba

'Yan ajinmu za su tuna cewa kafin hutun Disamba na tsaya a gaban allo na yi alƙawarin zan kawo musu burbushin halittun da daga Masar, kowa ya taɓa da hannunsa. Na dawo hannu rabbana, kuma har yau akwai masu tsokanata a kan haka. Malam ya ce maimakon in yi ta bayani ɗaya bayan ɗaya, in rubuta abin da ya faru da abin da na koya, ko wani zai amfana idan iyayensa suka tafi da shi wata ƙasa.

Bari in fara da ma'anar kalmar, domin kakata da ta ji na ce burbushi, ta ɗauka na burodi nake nufi. Burbushin halittun da shi ne abin da ya rage na wata dabba ko wani tsiro da ya rayu tun zamani mai nisa, ya saura a cikin dutse. Yana iya zama ƙashi, ko haƙori, ko ɓawon katantanwa, ko itace, ko ma sawun ƙafa kawai. Yawancin abin da ya mutu ruɓewa yake yi, ko wasu dabbobi su cinye shi, a rasa ko alamarsa. Amma idan laka ko yashi ya rufe gawar da wuri, musamman a ƙarƙashin ruwa, sai ɓangarorinta masu tauri su daɗe. Wata laka ta zo ta hau kan waccan, wata ta sake hawa, nauyi ya danne ta ƙasa har ta zama dutse. Ruwan da ke tsiyaya ta cikin dutsen yana ɗauke da ma'adinai, su kuma suna cike ƙananan ramukan ƙashin sannu a hankali har ya yi tauri da nauyi irin na dutse. Bayan shekaru masu yawa ƙasa ta ɗago, ruwa ya janye, iska da ruwan sama su yi ta zaizaye saman har abin ya leƙo waje.

Wannan bayanin shi ne mabuɗin neman wurin. Duk dutsen da asalinsa narkakke ne daga cikin ƙasa ya daskare, kamar Dutsen Zuma ko na Kufena a Zariya, kada ka ɓata lokacinka a kansa, babu halittar da za ta saura a cikin wannan zafin. Abin nema shi ne dutsen da ya samu daga laka da yashi da ɓawon halittun ruwa, wanda za ka ga ya kwanta hawa-hawa kamar an jera tabarmi. Kuma ana son inda dutsen yake a buɗe, ba ciyawa ko gini a kansa: gaɓar teku mai gangare, kwarin da ruwa ya yanka, wurin fasa dutse, ko hamada.

Ni na fara wannan sha'awa ne shekara 2 da suka wuce, da makarantarmu ta boko ta kai mu Whitby a gaɓar tekun Yorkshire. A can na tsinci amonayit ɗina na farko, wata halittar teku mai ɓawo a naɗe kamar ƙahon rago, wadda ta rayu kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. A wannan gaɓar an yarda mutum ya ɗauki abin da ya faɗo da kansa yana kwance cikin tsakuwa, muddin bai je yana saran jikin gangaren ba, kuma ya kula da lokacin da ruwa ke cikowa. Na saba da haka, har na ɗauka haka duniya take ko'ina. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da Abba ya ce za mu je Alƙahira mu duba Yaya da ke karatu a Azhar, sai na fara bincike tun saura wata guda. Abu na farko da na nema shi ne taswirar duwatsu ta Masar. Wannan taswira ba hanyoyi da garuruwa take nunawa ba, kowane launi a cikinta yana nuna irin dutsen da ke wurin da shekarunsa. Akwai irinta kyauta a intanet ga ƙasashe da yawa. Da na duba sai na ga gabashin ƙasar, wajen duwatsun da ke bin Bahar Maliya, akasari tsohon dutse ne mai tauri na asalin wuta. Amma kewayen Alƙahira da Fayyum akwai dutsen farar ƙasa da yawa, irin wanda ake yin siminti da shi, wanda ya kwanta a ƙarƙashin wani tsohon teku da masana ke kira Tetis. Wato tun kafin mu hau jirgi na san inda zan sa ido.

Abu na biyu shi ne harshe, kuma a nan ne Larabcin da muke koya ranar Asabar da Lahadi ya yi mini rana. Da na yi bincike da Turanci, shafukan 'yan yawon buɗe ido kawai nake samu, kowa na maimaita abin da ɗan uwansa ya faɗa. Da na rubuta da Larabci sai ga labaran jaridun Masar da bayanan jami'o'insu. Kalmar ita ce uhfura, jam'inta ahafir, daga tushen ha, fa, ra, wato haƙa. Mutanen Masar sun fi cewa hafriyyat, a wasu ƙasashen kuma za ka ji mustahassat. Sai dai Yaya ya ja mini kunne tun a waya. Ya ce, "Ƙanwata, ki yi hankali da kalmar nan. Hafriyyat tana nufin burbushi, tana kuma nufin tonon kayan tarihi. Idan kika ce wa mai tasi kin zo neman hafriyyat, zai ɗauka kabarin Fir'auna kika zo haƙawa, kuma wannan a nan babban laifi ne." Daga nan na koyi in riƙa cewa ina son ganin ƙasusuwan dabbobin da suka zama dutse.

Wata dabara da na gano da kaina ita ce karanta sunayen halittun. Masana sukan laƙaba wa abin da suka gano sunan wurin da suka same shi. Na ci karo da wani suna, Nummulites gizehensis, na ga Giza a ciki ƙarara. Ashe abin da nake nema yana jikin dalar Giza kanta.

Ranar da muka je, kowa ya ɗaga kai yana kallon tsayin dalar, ni kuma na sunkuya ina duba tubalan ƙasa, har Umma ta ce ko wani abu na yar. A jikin duwatsun akwai wasu ƙananan abubuwa zagayayyu masu faɗi, wasu kamar ƙwayar wake, wasu sun kai girman sulalla, sun cika dutsen maƙil. Su ne numulayit, kuma sunan daga kalmar Latin yake mai ma'anar ƙaramin kuɗi. Abin mamaki shi ne kowane ɗaya gidan wata halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya tak, wadda ta rayu a ruwa mai ɗumi marar zurfi fiye da shekara miliyan 40 da suka wuce. Idan ka sami wanda ya tsage biyu, za ka ga cikinsa a naɗe yake da ƙananan ɗakuna a jere. Akasarin duwatsun da aka gina dalar da su a nan kusa aka fasa su, don haka ana iya cewa da ƙasan teku aka yi ginin. Wani marubucin Girka mai suna Strabo, da ya ziyarci wurin kimanin shekara 2,000 da suka wuce, ya ba da labarin cewa an gaya masa wai ragowar adas ne, abincin maginan, ya zama dutse. Da na gaya wa Yaya ya yi dariya ya ce idan haka ne lallai maginan sun yi ɓarnar abinci.

Daga wannan na fahimci cewa ba dole sai an je daji ba. A duk garin da kuka sauka, ku duba daɓen masallaci, da matakalar otal, da bangon filin jirgi. Idan da dutsen farar ƙasa aka yi su, sau da yawa za ku ga zanen ɓawon halittu a ciki. Ku kuma nemi gidan tarihin garin, ku karanta 'yar takardar da ke ƙarƙashin kowane abu, domin tana faɗin inda aka samo shi. Wannan ya fi kowane shafin intanet gaskiya.

Babbar tafiyar ita ce ta Wadil Hitan. Masu karanta ƙissar Annabi Yunus, alaihis salam, sun san kalmar hut, ƙatuwar dabbar teku da Turawa ke kira wel. Jam'inta hitan. Wadi kuma kwari. To, kwarin hitan ke nan a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 150 kudu maso yammacin Alƙahira, a lardin Fayyum, babu ko ɗigon ruwa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2005. Ba a zuwa da ƙaramar mota. Yaya ya samo mana wani dattijo mai motar shiga yashi, muka fita bayan sallar asuba cikin sanyin da ban taɓa zaton akwai irinsa a Masar ba. Muka wuce tafkunan Wadir Rayyan, daga nan hanya ta koma ta tsakuwa da yashi, wayoyinmu suka daina kama sabis. Dattijon ya sa muka sayi ruwa ninkin abin da Abba ya yi niyya, kuma daga baya mun gode masa.

Ban san yadda zan kwatanta muku wurin ba sai dai in ce duwatsu ne launin zuma da iska ta sassaƙe, wasu kamar laima, wasu kamar rumbu, a tsakaninsu kuma ƙasusuwa a kwance a kan yashi inda aka same su. An yi hanyar ƙafa an yi mata iyaka, an kewaye kowane ƙwarangwal da igiya. Ƙashin bayan wasu a jere yake kamar carbi, kowane guda ya fi guga girma. An ƙirga ɗaruruwan irin waɗannan a kwarin. An fara gano su tun wajen 1902, kuma shekarunsu kimanin miliyan 37 zuwa 40.

Iri biyu suka fi yawa. Babban shi ne Basilosaurus, wanda tsawonsa kan kai mita 18, siriri dogo kamar maciji. Ma'anar sunan ita ce sarkin ƙadangaru, kuma kuskure ne: wanda ya raɗa masa suna a Amurka a 1834 ya zaci dangin ƙadangare ne, sai daga baya aka duba haƙoransa aka gane dabba ce mai shayarwa. Amma ƙa'idar masana ita ce sunan farko shi ke zama, ko da ya saɓa wa gaskiyar abin. Ƙaramin shi ne Dorudon, kimanin mita 5. An taɓa samun ƙasusuwan 'ya'yan Dorudon a inda cikin wani Basilosaurus yake, da alamun cizo a ƙoƙon kansu, wanda ya nuna babban yana cin ƙaramin. A cikin gidan tarihin da aka buɗe a wurin a 2016, wanda aka gina shi da siffar tudu don kada ya ɓata kyan kwarin, akwai cikakken ƙwarangwal na babban. Ni da ƙanena mun taka daga kai zuwa wutsiya muna ƙirga taku, ya gaji ya bari a tsakiya.

Abin da ya sa duniya ta san kwarin shi ne ƙafafu. A 1989 wani masani daga Jami'ar Michigan, Philip Gingerich, da abokan aikinsa sun gano cewa Basilosaurus yana da ƙananan ƙafafun baya, da gwiwa da idon sawu da yatsu. Tsawonsu bai wuce santimita 60 ba, a jikin dabba mai mita 18, don haka ba za su iya ɗaukarta a tudu ba. Masana kimiyya suna kafa hujja da wannan cewa kakannin hitan a tudu suka rayu kafin su koma ruwa. Na san wasu iyayenmu za su tsaya a nan su yi tambaya, ni ma na yi. Da na dawo na kai wa Malam maganar, sai ya ce in raba littafina gida biyu: gefe ɗaya in rubuta abin da idona ya gani, wato ƙashin ƙafa mai tsawo kaza a wuri kaza, ɗaya gefen in rubuta bayanin da masana suka yi da hujjarsu, in fahimce shi sosai kafin in ce komai a kansa. Ya kuma ce in je in karanta tafsirin aya ta 20 a Suratul Ankabut, wadda take umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta.

Ya ƙara da abin da ban sani ba, cewa malaman Musulunci sun daɗe da lura da waɗannan duwatsun. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi magana a Kitabush Shifa a kan duwatsun da idan an fasa su ake samun sassan dabbobin ruwa a ciki, ya ce mai yiwuwa wuraren da mutane ke zaune yanzu a da teku ya rufe su. Al-Biruni, wanda suka yi zamani ɗaya, ya kafa hujja da ɓawon halittun ruwa da masu haƙa rijiya ke fitowa da shi cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku.

Yanzu ga abin da ya hana ni cika alƙawari. Muna kan hanyar komawa mota, na ɗan rage a baya, sai na hango wani abu mai sheƙi a gefen hanyar ƙafa. Haƙorin kifin shak ne, bai kai tsawon ɗan yatsana ba, bakinsa har yanzu da kaifi. Ba a cikin igiya yake ba, a yashe yake, daidai irin abin da a Whitby za ka ɗauka ba mai ce maka komai. Na ga allon da ke ƙofar shiga ya hana ɗaukar komai, da Larabci da Turanci, na karanta duka biyun, don haka ba zan ce ban sani ba. Na tuna alƙawarin da na yi a aji, na ce a raina guda ɗaya ne cikin dubbai, na sunkuya na jefa shi a aljihun rigar sanyina.

Ƙanena ne ya tona ni, ba da mugunta ba. Muna shan shayi kusa da mota ya ce, "Yaya, nuna wa Abba abin da kika tsinta." Abba ya ajiye kofinsa ya miƙo hannu, na zuba masa. Ya juya shi ya duba, har ya ce yana da kyau. Sannan ya tambaye ni, "Naki ne?" Na ce a ƙasa na same shi. Ya ce, "Ban tambaye ki inda kika same shi ba." Yaya ya yi mini bayani cewa kwarin yana cikin yankin da aka killace tun 1989, kuma dokar Masar mai lamba 102 ta 1983 ta hana cire dutse ko tsiro ko dabba daga irin waɗannan wuraren. Ya ce da za a gan shi a jakata a filin jirgi, ni baƙuwa ce zan iya tafiya bayan wahala, amma shi ɗalibi ne da takardar zamansa take hannun hukuma, kuma dattijon da ya kawo mu da wannan hanyar yake ciyar da iyalinsa. Wannan ban yi tunaninsa ba ko kaɗan.

Abba bai yi faɗa ba, ya dai ce in tashi. Muka koma ni da shi a ƙafa, kusan minti 20, ban iya ɗaga kai ba. Na nuna wa wani ma'aikacin wurin inda na ɗauka, na ba shi haƙuri da Larabcina na aji, wanda ya sa shi murmushi domin ba haka suke magana ba. Ya karɓa ya ce mini abin da ya fi haƙorin daraja shi ne sanin a wane hawa na dutse yake, domin da hawan ake gane shekarunsa da irin ruwan da ya rayu a ciki. Wanda aka cire aka kai gida ya zama abin ado kawai. Sannan ya bar ni na ɗauki hotonsa a kan yashi, na ajiye sulalla a gefensa don a ga girmansa. Wannan ita ce hanyar da masana ke bi, kuma daga ranar haka nake yi: hoto da ma'auni a gefe, da kwanan wata, da wurin, da zanen hawan dutsen a littafi.

Saboda haka duk wanda zai yi irin wannan tafiya, tambayar doka ta zo tare da tambayar wuri, kada ta zo daga baya kamar tawa. Ƙasashe sun bambanta ƙwarai. Wasu suna barin a tsinta a wasu wurare, wasu suna barin a tsinta amma ba a fita da shi daga ƙasar sai da takarda, wasu kuma sun mai da duk burbushi mallakar ƙasa. Ko a nan Ingila ma dokar wannan gaɓa ba ita ce ta waccan ba, kuma fili mai shi sai da izininsa. Haka nan abin da aka ga ana sayarwa a kasuwa, sayensa ba ya nufin an halatta fita da shi, ga kuma na jabu da ake yi da roba da siminti. A tambayi gidan tarihi ko ofishin wurin, ba mai sayarwa ba.

A hanyar dawowa Alƙahira kowa ya yi barci sai ni da Abba. Ina jin don ya sanyaya mini rai ne ya fara ba ni labarin cewa suna yara a Sakkwato sukan ga duwatsu masu siffar katantanwa wajen Kalambaina, inda ake fasa dutsen siminti, ba su taɓa tambayar yadda aka yi suka zo nan ba. Da muka isa masauki na bincika. Ashe akwai lokacin da wani reshen teku ya ratsa Sahara daga arewa zuwa kudu, ya bi ta ƙasar Sakkwato. An samu ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku a can, aka sa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Abba ya sa na maimaita sunan sau uku, sannan ya kira ƙanensa a waya ya gaya masa. A Nijar kuma, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, aka haƙo Nigersaurus, dabba mai cin ganye da ke da haƙora fiye da 500, wadda Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999, kuma gidan tarihin ƙasa da ke Yamai yana da ƙwarangwal ɗin irin waɗannan manyan dabbobin.

Abba ya ce idan Allah ya kai mu zuwa gida na gaba zai kai ni Kalambaina, da sharaɗin a fara neman izini. Na riga na samo taswirar duwatsun jihar na manna a bangon ɗakina. Kafin nan, hotunan Wadil Hitan da littafina suna wurin Malam, kuma ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar zan kawo amonayit guda 6 da na tsinta a Whitby. Waɗannan kowa na iya taɓawa, amma 'yan aji ɗaya su zo da hannu a wanke.